Ashirin Me?

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar bazara, kuma ba sai an gaya mini shekara nawa ke nan ba. Shekarar wata tana gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya, saboda haka azumi yakan riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, ya bi ta sanyi, ya ratsa kaka, ya jiƙe a damina, sai bayan shekara talatin da uku ya dawo inda ya tashi. Wannan lissafi ne da nakan ba 'yan aji ɗaya su yi a minti biyar. Ni kuwa tun ranar da aka ga wata nake yin sa ina sakewa, kamar dai amsar za ta canja.

Ni malamar Fiziks da Lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Suleja. Ɗalibaina sun laƙaba mini suna Malama Ashirin-me, kuma suna tsammanin ban sani ba. Dalili shi ne, yarinya sai ta yi aikinta tsaf daga sama har ƙasa, amma muddin ta rubuta amsa tsirara, ba mita, ba sakan, ba kilo a gefenta, sai in ɗauki jan biro in soke duka. Iyaye sun sha kawo ƙara. Shugabar makaranta ta yi mini nasiha har ta gaji. Kullum in ce to, kuma ban taɓa canjawa ba. Suna ganin mugunta ce, ni kuma ban taɓa gaya wa kowa inda abin ya samo asali ba.

A wancan azumin ina ajin ƙarshe, shekarata goma sha bakwai, saura wata biyu mu zauna jarrabawar fita. Gidanmu yana unguwar Magajiya. Babanmu ya rasu tun ina firamare, ya bar Inna da mu biyu, ni da Yaya Garba, wanda ya bar makaranta ya gaji bencin kafintancin Baba a ƙofar gida. Lokacin ne ake ta kwaso ma'aikata zuwa Abuja, ita kuma Abuja ba ta da wurin kwanansu, sai duk suka zubo mana. Kowane zaure ya zama ɗakin haya. Mu ma muna da namu 'yan hayar, Malam Habu, wani akawu Bakano mai agogon hannu da baki kamar reza, da kuma Maman Ngozi mai sayar da kayan miya a kasuwa.

Mutane suka ninka, ruwa bai ninka ba. Famfon unguwa ya fara da tari, ya kawo kwana ɗaya ya huta uku, daga baya ya yi shiru gaba ɗaya. Rijiyoyin maƙwabta suka ja, masu su suka sa musu kwaɗo. Zafin shekarar kuwa ba irin wanda ake ba da labarinsa a yarda ba ne. Tun hantsi kwanon rufi yake fara ƙas-ƙas. Da azahar hadari ya taso ta wajen dutsen Zuma, ya yi baƙi, ya tsaya a kanmu ya toshe iska, mu yi ta kallonsa da busassun leɓɓa, kafin la'asar ya watse bai bar mana ko ɗigo ba. Wuyan kowa ya cika da ƙurajen zafi. Mangwaron tsakar gidanmu ya nuna, yana faɗowa yana fashewa a ƙasa, ƙamshinsa yana shiga har cikin hanjin mai azumi.

Ga yadda ranarmu take tafiya. Daga idar da sallar asuba ni da Inna da Maman Ngozi mu ɗauki bokitai mu gangara rafi, inda ruwan ya koma 'yan kududdufai, mu tona yashi mu jira ya tsatso, mu riƙa kwarfa da ƙoƙo. Sawu biyu nake yi kafin in sa kayan makaranta. Ruwan nan kuma Inna ba ta barinsa ya mutu sau ɗaya. Wanda aka wanke gero da shi, da shi za a wanke kwanoni, na kwanonin a ba awaki ko a yayyafa wa tsakar gida. Wanka da rabin buta. Randa ɗaya ce ta sha, Inna ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, ba mai taɓa ta sai an kira magariba. Maman Ngozi ba ta azumi, amma ban taɓa ganin ta kai moɗa baki a gabanmu ba, sai ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Yanzu ga bohol a kowane layi, ga fiyawata mai ƙanƙara a kan kowace kwana, 'ya'yana suna kukan ƙishi da fanka a kansu. Ba na ce musu komai, ƙishin kowa nasa ne.

Bayan azahar nake zama a gindin mangwaro da tsofaffin takardun jarrabawa. Sai ka buɗe shafi ka tarar da tambaya wai famfo biyu suna zuba a tanki, ɗaya yana cika shi a awa uku, ɗaya a awa shida, to a awa nawa za su cika shi tare. Wallahi wanda ya rubuta tambayar nan bai taɓa azumi a Suleja ba. Ina warware ta ina haɗiyar busasshen yawu, in samu awa biyu, in ji kamar in yi kuka don takaicin ruwan da ba nawa ba. Amma ina son abin. Ina son yadda tambaya take zuwa a cukurkuɗe, ka ware abin da aka ba ka gefe, abin da ake nema gefe, ka bi ta a hankali har ta miƙa wuya. Kuma ba zan ɓoye ba, ina son a san na iya.

Babu wanda ya kai Yaya Garba taya ni wannan son. Shi ya ƙera mini ɗan teburin da nake karatu a kai, kuma Injiniya yake kirana, ko a gaban baƙi. Shekararsa ashirin da uku, dogo, fensir a bayan kunne, tef ɗin awo a aljihu. Komai na duniya a wurinsa ƙafa ne da inci. Ya kalli ƙofa daga nesa ya ce ƙafa shida da inci takwas, a auna a tarar haka ne. In ya gaji da zarto sai ya shigo ya tsaya a kaina yana kallon rubutun da ba ya ganewa, fuskarsa cike da murna.

Malam Habu kuwa abin ba ya yi masa daɗi.

"Kai Garba, kana ta fasa wa yarinya kai," in ji shi wata rana. "Mace da Fiziks? Ai duk ranar da aka buƙaci abin a zahiri za ka ga takarda ce kawai."

"Allah ya kai mu ranar, Malam," Yaya ya ce, yana dariya.

Malaminmu na Fiziks Mista Etim ne, mutumin kudu, gajere, mai Hausar kasuwa. Shi ya koya mana yadda ake sanin zurfin rami da dutse da agogo. Ka saki dutse, ka ƙirga sakan nawa ya yi kafin ka ji faɗuwarsa, ka ninka sakan ɗin da kansa, ka sake ninkawa sau biyar, abin da ya fito shi ne zurfin a mita. Shi ne kuma mai masifar nan. In ka ba shi amsa tsirara sai ya dafe kai ya ce, "Ashirin na mene? Akuya ashirin? Doya ashirin?" Aji ya kwashe da dariya. Mun ɗauke shi abin wasa, har kwaikwayonsa muke yi a hanya.

A bayan gidanmu akwai tsohuwar rijiya ta zamanin kakanmu, wadda aka rufe da gumagumai da ƙasa tun da aka jawo famfo, ban ma taɓa ganin cikinta ba. Ran Juma'a, sha shida ga wata, ruwan rafi ya koma laka zalla, muka dawo da bokiti ɗaya mu uku. Bayan an sauko masallaci Yaya ya ɗauki diga ya buɗe rijiyar. Ƙuntataccen baki gare ta, an sassaƙa matakai a jikinta dama da hagu, kuma duhu ne kawai a ciki. Wani sanyi mai warin tsohuwar ƙasa ya bugo mu. Maƙwabta suka taru ana leƙe, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa, wani ya ce gajeriya ce, wani ya ce ba ta da ƙarshe.

"Ku dakata," in ji Yaya. "Injiniya, zo ki gaya mana zurfinta. Malam Habu, ara mana agogonka."

Malam Habu ya ƙi ba da agogon, ya ce shi zai duba da kansa. Na ɗauki dutse na sake shi, ya ƙirga, muka ji tim, irin ƙarar abin da ya faɗa cikin taɓo. Mata suka yi kabbara, don taɓo alamar ruwa ce. Sau uku na saki dutse, yadda aka koya mana, kuma sau ukun sakan biyu ne. Ban ko nemi takarda ba. Biyu sau biyu huɗu, huɗu sau biyar.

"Ashirin," na ce, da ƙarfi, don Malam Habu ya ji.

"Ashirin kacal?" Yaya ya tafa hannu. "Ai ko falanki biyu ba ta cika ba! Malam, ka ji ko? Ba igiya, ba tef, da dutse kawai!"

Inna ta ce a aika garin Gauraka a kira Malam Tanko mai haƙar rijiya, shi ya san yadda ake zura fitila a gwada iskar ciki kafin mutum ya shiga. Yaya ya ce haba Inna, don wannan 'yar rijiyar, ai ya hau rufin da ya fi ta tsawo. Malam Habu ya taɓe baki ya ce, "To, ma gani."

Ga gaskiyar da na daɗe ina kewayewa. Na ji maganar falankin nan. Na san falanki ƙafa goma sha biyu ne, a gidan kafinta na tashi. Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, kamar ƙaya a cikin tabarma. Amma ga mata suna shafa kaina suna cewa ilimi mai daɗi, ga Malam Habu ya yi tsuru-tsuru, ga ƙishi ya sa kaina yana juyawa, ga Inna tana kira in zo in tace kunun tsamiya. Na ce a raina zan duba daga baya. Aka sha ruwa, aka ci ƙosai, na manta.

Washegari Asabar muna da darasin share fagen jarrabawa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Mista Etim ya ɗaga littafin wata yarinya ya dafe kai.

"Tamanin na mene? Kaza tamanin?"

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Nan take na ga abin gaba ɗaya. Ni mita nake nufi, Yaya ƙafa ya ji. Mita ashirin ƙafa sittin da biyar ce har da ɗoriya, ninki uku na abin da yake tsammani. Na tashi ban nemi izini ba, na bar jakata a nan, na kama gudu. Ban san inda takalmina ɗaya ya faɗi ba. Kwalta tana ƙona tafin ƙafata, maƙogwarona kamar an zuba masa toka, ina gudu ina cewa Allah ya sa bai shiga ba.

Tun daga bakin layinmu na jiyo muryar Inna. Yaya ɗan fari ne, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "yayanki" ko "wancan". Ranar nan tana durƙushe a bakin rijiya, ɗankwalinta a ƙasa, tana kira cikin ramin, "Garba! Garba!" Da na ji haka sai na san na makara.

Abin da ya faru, daga baya na ji shi. Ya auna igiya ƙafa talatin da tef ɗinsa, wai don a samu rara, ya ɗaura a ƙugu. Malam Habu da wani maƙwabci suka riƙe. Ya yi ta sauka yana taka matakan nan, yana yi musu barkwanci daga ciki. Can ya ce a ƙara sako igiya, suka ce masa ta ƙare, gara ya hauro. Sai suka ji igiyar ta yi sako-sako, suka jawo ta, ta fito ba kowa, kuma ba tsinkewa ta yi ba, kwance ta aka yi. Sun ci gaba da jin motsinsa yana yin ƙasa, daga nan suka ji faɗuwa.

Maman Ngozi ce ta tari mai babur aka ɗauko Malam Tanko. Ya zura fitila, kafin ta yi nisa ta mutu. Ya sa aka saro rassan mangwaro masu ganye aka ɗaura a igiya ana zurawa ana jawowa da sauri don a motsa iskar, maza suna karɓa-karɓa, gumi yana zuba, duk da azumi a bakinsu. Sa'an nan ya ɗaura igiya biyu ya shiga. Aka fito da Yaya jikinsa duk baƙar laka, leɓɓansa sun canja launi, amma da sauran numfashi. Ya kwana huɗu a asibiti bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ya gane mu, ya kira sunayenmu, sai dai maganar tana fita ɗaya-ɗaya, hannuwansa kuma suna rawa. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta daɗe ba ta samu iska ba. Bai sake riƙe zarto ba.

Ana saura kwana uku sallah ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, har randunan da muka jera suka tumbatsa. Ina tsaye ina kallon indararo yana zuba, na tsani ruwan nan kamar mutum. An toshe rijiyar da siminti.

Tambayar da ta dami unguwa ita ce me ya sa ya kwance igiyar. Ba a daɗe ba aka samo amsa, wai mutanen ɓoye ne na cikin rijiyar suka kira shi. Inna ta yarda da haka, ta yi ta karɓo rubutu da hayaƙi. Ba wanda ya tuna da ashirin ɗina, ko Malam Habu bai tayar da zancen ba har ya bar gidan. Ni kuma na yi shiru, na bar aljanu suka ɗauki laifina. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya yi aikinsa. Na zauna jarrabawa na ci, na wuce kwalejin horon malamai, na yi aure. Inna ta rasu shekara tara da suka wuce, ina riƙe da hannunta, maganar tana bakina, ban faɗa ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Tun rasuwarta Yaya yana gidana, a ɗakin da ke kusa da zaure. Gemunsa ya yi fari. Abin da ya ci jiya ba ya tunawa, amma na da can yana nan daram. Yakan wuni a kan tabarma yana goga ɗan guntun katako da samfefa, takardar nan mai kaushi, har ya yi santsi, ya ajiye ya ɗauki wani. Ba ya yarda a hana shi azumi.

Shekaranjiya da la'asar hadari ya taso ya tsaya bai zuba ba, iska ta ɗauke, wuta ma ta ɗauke. Na fito da takardun ɗalibai zan yi maki a inuwar zaure kusa da shi, na kasa karanta ko layi ɗaya. Shekarata hamsin, shi hamsin da shida, kuma na san azumi ba zai sake zagayowa nan ya tarar da mu biyun ba. Na ajiye biro.

"Yaya, kana tuna ranar rijiya?"

Ya daina goga katakon. "Ina tunawa."

"Ni ce na ce maka ashirin."

"Ke ce."

"Yaya, ni na jawo maka wannan. Na san ba ka fahimce ni ba, na ji ka yi zancen falanki, na yi shiru don ana yabona. Na bar Inna ta tafi tana zargin aljanu. Ka yafe mini don girman Allah."

Ya daɗe yana kallona, bakinsa yana motsi kafin maganar ta fito, yadda ya saba.

"Ba aljani," ya ce. "Ni na kwance."

"Don me, Yaya?"

"Ina ƙirga matakai. Na wuce ashirin. Na wuce talatin. Ba ƙasa." Ya tsaya ya huta. "Na ce, Injiniya ta yi kuskure. Ga Malam Habu a sama, yana jira. In na fito, zai yi miki dariya. Na ce bari in kai ƙasa, in ɗebo laka, in ce ashirin ce."

Ban san lokacin da na zame daga kujera na zauna a ƙasa ba. Shekara talatin da uku ina tsammanin rashin sani ne ya kai shi ƙasan ramin nan, ashe da saninsa ya tafi, don kada a yi wa ƙanwarsa dariya. Da a ce zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da abin ya faru, ina yi ina ƙoƙarin yi masa bayani, ban ma san amfanin bayanin ba.

"Mita nake nufi, Yaya. Awon makaranta. Mita ashirin ƙafa sittin da biyar ce."

Ya runtse ido, leɓɓansa suna motsi, yatsunsa masu rawa suna taɓa tabarma ɗaya bayan ɗaya. Lissafin ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, ban katse shi ba. Da ya buɗe ido sai na ga fuskarsa ta washe.

"Malam Tanko ya ce sittin da biyar ya auna," ya ce. "Ashe daidai kika yi."

"Yaya..."

"Ashe daidai kika yi, Injiniya. Duk shekarun nan ina ɓoye miki, kada ki ji kunya." Ya yi 'yar dariya, ya jawo katakonsa. "Kash. Da Malam Habu yana nan, da na gaya masa."